Ajin kwamfuta na ma'aikata ta intanet: me ya sa yake watsewa da an shiga Excel?

Malam Isufu, Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa koyarwa ko koyo daga nesa. Na buɗe ajin kwamfuta ta intanet don ma'aikatan da ba su da halin barin buro su zo su zauna a aji: sakatarori, malaman lakwal, ma'aikatan lafiya, da masu riƙe littafin kuɗi na ƙungiyoyin manoma. Wasu nan cikin garin Tawa suke, wasu Madawa, Ƙonni, Buza, har Abalak. Muna haɗuwa a Zoom sau biyu a mako bayan isha'i, ina nuna fuskar kwamfutata ina bayani, in an tashi in tura PDF a WhatsApp. Da farko aji cike. Muna gama Word, manhajar rubutu, muka shiga Excel, manhajar tebur da lissafi, sai mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka saura, in na ce kun gane, kowa ya ce mun gane Malam. In na ce a turo aiki, shiru. Kuma duk sun biya kuɗinsu, balle a ce don kyauta ce suka raina ta. Ina gizo ke saƙar?

Abdu Rezo, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Tambaya guda tukuna: da me suke kallon ka?

Malam Isufu, Tawa:
Galibi da waya. Masu kwamfuta a gida ƴan kaɗan ne, sauran ta buro suke taɓawa.

Abdu Rezo, Yamai:
To ai ka ba kanka amsa. Mutum na riƙe da waya, kai kana nuna masa tebur mai layi talatin, ko da tabarau ba ya rarrabe lambobin. In ma ya gani, hannunsa bai taɓa komai ba. Word yana ɗan yafewa, don kowa ya san rubutu. Excel ba ya yafewa. Wanda bai rubuta =SOMME(B2:B20) da yatsunsa ba, ya manta baka ɗaya, kwamfuta ta ƙi shi, ya nemo inda ya ɓata, wannan bai fara koyo ba tukuna, kallo yake yi.

Baba Laminu mai ritaya, Tawa:
Isufu ɗana, ba a koyon hawan keke a rediyo. Ni tun farko ban yarda da wannan karatun na nesa ba in dai aikin hannu ne. Kuma kada ku ɗauka ku kuka fara. A 1964 aka fara talabijin ɗin lakwal a ƙasar nan, darasi na fitowa daga Yamai yara na kallo a akwati. Amma kowane aji da mutum tsaye a ciki, shi ke sa yara su maimaita, shi ke duba allo, shi ke ganin wanda ya yi barci. Waɗanda suka tsara abin ba su taɓa tunanin akwati kaɗai zai koyar ba. Kai wa ke tsaye bayan ɗalibanka?

Hajiya Mariyama, Yantala:
Malam Isufu, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangarenmu, don ni kwantabul ce, kuma na taɓa zamewa daga irin wannan aji. Ina tashi tun asuba, a sallami yara lakwal, in shiga buro ƙarfe takwas, ban dawowa sai dab da magariba. Ga tukunya, ga aikin gida na yara, ga baƙi. Lokacin da kai kake buɗe Zoom, gangar jikina ce kawai ke gaban waya. In ka ce kun gane zan ce na gane, don ina jin nauyin in tsayar da aji a kaina, ga ƙannen bayana a ciki, har da yaron da ke ƙarƙashina a wurin aiki. Babba ba ya son a ga jahilcinsa a bainar jama'a, wannan ka riƙe shi.

Abu na biyu, darasin kansa. A ajin da na bari, mako guda muka yi a kan tarihin kwamfuta da sunayen sassanta. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne teburin albashi da ke cinye mini kwana uku duk ƙarshen wata, ina lissafin kason CNSS, asusun fanshon ma'aikata, na kowane ma'aikaci da kalkuleta ina kwafewa. Daga baya wata ƙanwata da ta iya ta ce in turo mata teburin. Ba ta gyara mini ba. Saƙon murya ta yi mini, ta ce je gida kaza na teburin ki rubuta kaza, ki ja shi ƙasa. Na ja, lissafin mutum arba'in ya fito lokaci guda. Daren nan ban ji barci ba. Washegari ni da kaina na neme ta ina tambayar yadda ake RECHERCHEV, lissafin da ke nemo bayani a cikin tebur. Ka tambayi kowane ɗalibinka wane aiki ne ke ci masa tuwo a ƙwarya a buro, ka fara daga nan.

Majo Rabi, Madawa:
Hajiya ta faɗi rabin nawa. Sauran rabin shi ne lokaci da wuta. Mu masu aikin asibiti ba mu da dare tsayayye, haihuwa ba ta san ranar Zoom ba. Watan Afrilu da Mayu kuwa kuran ya tafi, waya ta mutu, rezo na hawa yana sauka. Kun tuna daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin wuta, sai Maris 2024 aka maido, duk wanda ya jingina karatunsa da a haɗu kai tsaye ai ya ajiye shi. Sa'a guda ta Zoom da bidiyo tana iya cin rabin giga ko fiye, kuma in ta wuce ka ta wuce. Ni dai in za a ji tawa, a yi ɗan bidiyo na minti biyar, abu guda kawai a ciki, a turo. In sauke shi lokacin da rezo ya yi kyau, in kalla sau goma in na so, gobe in gwada a kwamfutar asibiti bayan an rage layi.

Malam Isufu, Tawa:
Majo, na ji. Amma in an daina haɗuwa kai tsaye, ba nan ne mutane za su ƙara sakin jiki ba? Bidiyo ba ya tambayar kowa me ya hana shi zuwa.

Zara'u, Plateau:
Tsoronka na da tushe Malam. Masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun fitar da nazari a 2019 a kan darussan intanet na MIT da Harvard da ke dandalin edX. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan mutum 3 cikin 100 ne ke kai ƙarshe. Waɗannan fa bidiyo ne masu kyau na manyan malamai. Don haka bidiyo kaɗai ba ya riƙe mutum. Abin da ke riƙe shi, ya san ranar Alhamis akwai wanda ke jiran fayil ɗinsa, zai buɗe, zai kira sunansa ya ce masa layi na bakwai bai yi ba.

Nasiru Bagobiri, Babbar Kasuwa:
Ku duk kuna maganar manyan abubuwa, ni bari in faɗa muku abin da nake gani a shago. Kwamfutocin da ke hannun mutanenmu ba iri ɗaya ba ne. Wajen jerin maɓallai, wadda ta fito Faransa ko Beljiyam AZERTY ce, wadda aka sayo Kano ko Dubai galibi QWERTY. Malam ya ce danna A, ɗalibi ya danna Q ta fito, don an sa wa injin Windows na Faransanci alhali maɓallansa na Ingilishi ne. A AZERTY lambobin layin sama sai ka riƙe maɓallin Maj, alamar @ kuwa a na Faransa maɓallin AltGr da sifili. Wallahi akwai wanda ya maido mini da kwamfuta wai ta lalace, ashe @ ya kasa samu ya rubuta adireshin imel.

Excel ma haka. Na Malam yana cewa SOMME da SI, na ɗalibi SUM da IF. A tsarin Faransanci da alamar ; ake raba sassan lissafi, a na Ingilishi da waƙafi. Ɗalibi ya kwafi abin da Malam ya rubuta harafi da harafi, inji ya ƙi. Shi kaɗai a ɗaki da dare, ba wanda zai leƙa ya ce ai naka na Ingilishi ne. Me zai ce wa ransa? Ni kaina ne ba ya ɗauka. Daga nan ba ka ƙara ganin sa.

Abdu Rezo, Yamai:
Yau Bagobiri ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar. Amma wa ke sayar musu da injinan haɗin gambizar in ba kai ba?

Nasiru Bagobiri, Babbar Kasuwa:
Bazabarme, in ubangidanka na magana ka riƙa yin shiru. Ka zo ka biya bashin caja tukuna.

Abdu Rezo, Yamai:
Hhhh. To ban da wasa, Malam, abin da ya faɗa shi ne aikinka na ranar farko. Kowa ya ɗauki hoton maɓallansa da na Excel ɗinsa a buɗe ya turo. Ka raba su gida biyu, bidiyon da ya shafi lissafi ka nuna duka biyun. Ka kuma gaya musu cewa fayil ɗin kansa ba ruwansa: in ka rubuta SOMME ka tura, wanda ya buɗe a na Ingilishi SUM zai gani. Sai kwanan wata, 03/04 a wani inji uku ga Afrilu ne, a wani huɗu ga Maris. Wanda Office ɗinsa ya kulle don ba na gaskiya ba ne, ya sa LibreOffice, kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Excel.

Ɗan Galmi:
Ni fa ban yarda da yadda kuke raina waya ba. Ni ke riƙe lissafin ƙungiyarmu ta masu albasa, buhu nawa kowa ya kawo, nawa aka loda zuwa Abijan ko Akara, nawa ya saura a rudu. Duk a waya nake yi da Google Sheets, ban taɓa mallakar kwamfuta ba. In kuka ce sai mai kwamfuta zai shiga aji, kun kori talaka ke nan, kun bar ƴan buro da su ma ba tasu ba ce.

Abdu Rezo, Yamai:
Yaya, ba raini ba ne. Shigar da buhu da kuɗi a waya yana yiwuwa, ka ma fi wasu masu kwamfutar. Amma ranar da mai ba ku bashi ya ce ku kawo rahoton shekara, shafi goma da tebur da zane, a buga a takarda, za ka ga iyakar waya.

Ɗan Galmi:
Ranar sai in je sibar. Shekara guda sau guda ne. Sauran kwanakin fa?

Majo Rabi, Madawa:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, ba aji ɗaya kuke bukata ba. Mu a lafiya rahoton wata a manhajar DHIS2 muke shigarwa, masu aikin ƙungiyoyi kuwa KoboCollect, manhajar cike fom, suke yawo da shi ƙauyuka a waya, ba rezo ma yana aiki, sai an dawo gari a tura. Cike fom a waya, a koyar da shi a waya, daidai ne. Amma wanda zai tsara fom ɗin, ko ya sauke bayanan ya tace su, dole ya zauna gaban kwamfuta. Malam ya haɗa mai neman wannan da mai neman wancan a kwando ɗaya.

Malam Isufu, Tawa:
To ga inda nake da ja. Duk abin da kuke faɗa, a duba aikin kowa, a yi masa saƙon murya nasa shi kaɗai, a gina darasi kan teburin buronsa, a yi bidiyo iri biyu, wa zai yi? Ni ma da rana ma'aikaci ne. Fayil ɗaya in zan buɗe shi da gaske, in gano inda mutum ya kauce, in yi masa bayanin da ba zai karya masa gwiwa ba, kwata na awa ne. Ku lissafa da mutum talatin, duk mako. A Zoom sa'a ɗaya na gama da kowa. Kuɗin da suke biya, jaka goma sha biyar a wata, ba zai ɗauki wannan wahala ba.

Hajiya Mariyama, Yantala:
Ka gama da kowa, amma wa ya koya? Ɗana, ka rage ajin. Mutum goma sha biyu da za su fita da abu a hannu su ne za su kawo maka na gaba. Ni da zan samu mai duba mini aikina duk mako da na biya ninki biyu ban yi ciniki ba.

Ɗan Galmi:
Hajiya ke kin iya biyan ninki biyu. Malamin lakwal ɗan kwantaragi fa?

Hajiya Mariyama, Yantala:
Wannan kam ban da amsarta.

Zara'u, Plateau:
Akwai hanyar rage nauyin ba tare da an ninka kuɗi ba. Kurakuran masu fara Excel ba su da yawa, su ne dai suke maimaituwa: an rubuta lamba da harafi a gida ɗaya, kamar 5000 F, lissafi ya ƙi, an haɗe gidaje don ado, tacewa ta lalace, an ja lissafi ƙasa ba a kafe gida da alamar $ ba. In ka yi wa kowanne ɗan bidiyonsa sau ɗaya, gyaran mutum ya koma kalli na uku ka sake turowa. Sai mai matsala ta daban ka ba shi lokacinka. Kuma waɗanda wurin aikinsu ne zai ci moriyar karatun, su kai wa shugabansu takarda ya biya. Kamfanoni na iya neman tallafin horar da ma'aikata ta hanyar FAFPA, don wannan aka kafa asusun.

Amma ina da gargaɗi kan shawarar Hajiya. A kawo aikin buro, i, amma ba da sunayen mutane ba. Teburin albashi ko rajistar marasa lafiya ba abin da za a jefa a rukunin WhatsApp ba ne. Akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma ko ba doka, mutum na iya rasa aikinsa a kan haka. A kwafi tsarin teburin, a cika shi da sunaye da lambobin ƙarya. Yin hakan ma darasi ne.

Hajiya Mariyama, Yantala:
Gaskiya ne ƴata. Ni sai da na goge sunaye kafin in tura wa ƙanwar tawa.

Baba Laminu mai ritaya, Tawa:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Wa ke tsaye bayansu? Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannunsa na rawa, danna biyu a jere ya gagare shi, wane bidiyo zai gyara wannan? Kuma da wane harshe kake yi musu, Isufu?

Malam Isufu, Tawa:
Da Faransanci Baba, tunda injin da shi yake magana.

Baba Laminu mai ritaya, Tawa:
Sunan maɓalli ka faɗe shi yadda yake rubuce a inji, don su gane shi in sun gani. Amma dalilin abu, me ya sa ake kafe gida, me ya sa lissafi ya ƙi, ka yi shi da Hausa. Za ka ga masu tambaya sun ƙaru. Da yawa shirun da suke yi tsoron kuskuren Faransanci ne a gaban mutane.

Abdu Rezo, Yamai:
Baba, a kan wanda zai tsaya bayansu, ga abin da na ga yana aiki. A kowane gari a samu wuri ɗaya mai wuta tsayayya, sibar ko ɗakin wata ƙungiya mai sola, wasu ma sun sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, tunda aka ba shi izini ya fara aiki a 2025. A haɗu ranar Asabar sau ɗaya ko biyu a wata, kowa ya zauna gaban inji. Wanda ya fi iyawa a garin shi ne mai zagayawa, a yafe masa kuɗin wata. Malam na Tawa yana bin su ta waya, in abu ya cije ya shiga injin daga nesa da manhajar AnyDesk ya ga abin da ɗalibi ke gani. Sharaɗi guda, kada ya karɓe linzamin ya yi masa. Ya faɗa, ɗalibi ya danna. Haɗuwar farko kuwa kafin a fara komai za a yi ta, a koyi kunnawa, adana fayil, gano inda ya shiga, da maƙala shi a saƙo. Rabin masu cewa ban yi aikin ba sun yi, ba su san inda ya ɓuya ba ne.

Baba Laminu mai ritaya, Tawa:
To wannan ai aji ne, kun dai sa masa sabon suna.

Nasiru Bagobiri, Babbar Kasuwa:
Ni ina da tambaya. Takardar shaida fa? Rabin masu zuwa irin wannan karatu ita suke nema su sa a dosiye. In aiki ne ake turowa daga gida, me zai hana mutum ya ba yaron sibar jaka guda ya yi masa, ko ya sa ChatGPT?

Zara'u, Plateau:
Ba abin da zai hana, shi ya sa mu masu ɗaukar ma'aikata muka daina dogara da ita. Duk dosiye akwai takardar kwamfuta a ciki. Mukan zaunar da mutum gaban inji, mu ba shi jerin suna ɗari biyu mu ce ware mana na Tawa, ka jera su, ka haɗa jimla, minti ashirin. Nan ake rabuwa. Malam, jarrabawarka ta ƙarshe ka yi ta haka, ido da ido ranar Asabar ɗin, ko ya nuna fuskar injinsa kai tsaye kana canza masa tambaya. Kuma ka rubuta a takardar abin da ya yi a gabanka dalla-dalla. Irin wannan in na gan ta zan tsaya in karanta.

Abdu Rezo, Yamai:
In kana son tsari ka ɗora komai a Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, manhajarsa ta waya tana bari a sauke darasi a kalla ba rezo, kuma za ka ga wanda ya turo da wanda bai turo ba.

Malam Isufu, Tawa:
Moodle sai gaba Abdu, mutanena kalmar sirrin imel ɗinsu ma mai shagon waya ne ya sa musu. A WhatsApp za mu zauna tukuna. Zan gwada da rukuni na gaba: ƴan waya daban, ƴan kwamfuta daban, Zoom sau ɗaya a mako na tambayoyi kawai, ba a kunna bidiyo a ciki. Maganar kuɗi ce ban warware ba, don in na rage mutane kuma na ƙara kuɗin sibar na Asabar, ban ga yadda ɗan kwantaragi zai shiga ba. Majo, a Madawa akwai wurin da za a samu inji kamar shida ranar Asabar?

Majo Rabi, Madawa:
Shida da wuya, huɗu dai na san inda za a samu, biyu daga ciki sai an sa musu linzami. Zan tambayi mai wurin gobe in Allah ya kai mu. Amma a sa shi da safe, kafin rana ta yi zafi.

Ɗan Galmi:
In na ƴan waya ya tashi a sa sunana, da mutum uku daga ƙungiyarmu. Sai dai ba lokacin cirar albasa ba, daga Maris zuwa Afrilu ba mai ganin mu.

Nasiru Bagobiri, Babbar Kasuwa:
Linzami biyu na Madawa a kaina, zan ba motar safe. Majo ki turo mini sunan wanda zai karɓa a tasha.